Ƙudan Zuman da Ba Sa Tsallake Iyaka

Akwai wani birni da ba a zuwa cikinsa ta tudu, ba a zuwa ta ruwa. Ƙofarsa bakin amya ce, wato kwandon ciyawar nan da ake ratayewa a bishiya don ƙudan zuma su shiga su yi saƙa. Sunansa Birnin Saƙa, ganuwarsa ta kakin zuma ce, kuma duk wani mai fiffike da ke bin furanni can ne asalinsa. A iya sanina mutum ɗaya ne ya taɓa shiga ya fito, Nomau na Kwarin Gawo. Ba kuwa neman magani ne ya kai shi ba. Ƙyashin lambun yayansa ne.

Su biyu mahaifinsu ya bari, Dikko babba da Nomau ƙaninsa. Kafin ya rasu ya raba musu lambunsa na fadama gida biyu, ya dasa gamba a tsakani ta zama iyaka. Ɓangaren Dikko ne ya faɗa da wata katuwar ɗorawa da amyoyin tsohon ke rataye a kanta, sai ya ci gaba da kiwon zuma, yana noman kabewa da kuɓewa. Nomau kuwa ya cika nasa da gwanda, da 'yar kabewa a gefe. Da ya ga wasu gwandojin fure kawai suke yi ba sa 'ya'ya, waɗanda ake ce wa namijin gwanda, sai ya bi su da adda ya sare su ƙaf, ya ce ba ya ciyar da rago. Ɗaya tak ya rage a duk fadamar, yana tsaye a cikin na Dikko, daf da gamba, kuma kullum Nomau sai ya yi wa yayansa dariya a kansa.

Lambun Nomau fa yana ba shi, ba ƙarya. Amma shi ba lambunsa yake kallo ba. In ya zo da safe, kafin ya ce bisimilla idonsa ya tsallaka gamba. Kabewar Dikko ta fi girma. Kuɓewar Dikko ta fi tsawo. Ga zuma kuma a kai, mata na zuwa har gida suna cewa zuman Dikko ba irinsa. Matarsa Tasalla, mai sana'ar daddawa, ta sha ce masa ya bar wa ransa lafiya, sai ya ce ita ba ta san komai ba.

Wata rana yana tsugune sai ya lura da ƙudan zuma suna sauka a kan furannin kabewarsa, su cusa kai, su tsotsa, su tashi su miƙe sai ɗorawar Dikko. Ya bi su da ido har ya gaji. Nan take ya gano abin da a ganinsa shi ne asirin duka: ashe dabbobin Dikko ne ke kiwo a gonarsa, suna kwashe masa zaƙin shuka suna kai wa ubangidansu. Shi ya sa kabewarsa ba ta kai ta Dikko ba. In shanun wani suka yi maka ɓarna ka kai ƙara, to waɗannan wa zai kama maka su?

Ranar kasuwa da rana tsaka, fadama ba kowa, Nomau ya ɗaura busasshiyar ciyawa a kan gora, ya kunna, ya bi amyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Wayyo, ƙaurin da ya tashi ranar. Duk suka ci wuta, sai wata tsohuwar amya ta mahaifinsu da ba ta taɓa kama zuma ba, ita wuta ta ƙi ta. Yana tsaye sai ya ga ƙudan da suka tsira sun dunƙule sun shige cikinta. Can sai ga malam-buɗe-littafi daga ko'ina, ga galla, 'yan mitsi-mitsin ƙudan nan masu yin zuma, ga tsuntsaye masu shan fure, har jemagu da rana ƙiri-ƙiri, duk suna ɗurawa cikin amyar da ba ta fi tulu girma ba. Ba wanda ya fito. Fadama ta yi tsit.

Dikko ya dawo ya ga toka. Ya dubi ƙaninsa, daga ranar ko gaisuwa ta yanke.

Damina ta zo da albarka, gero da dawa suka yi kyau, don su iska ce ke musu hidima. Amma kabewa ta yi fure ya zube. Kuɓewa ta yi 'yan ƙwarori marasa auki. Kuka ba ta ɗaura ba, kaɗanya ba ta ɗaura ba, ɗorawa ta yi jajayen furanninta ta kakkaɓe su ba kalwa, tukunyar daddawar Tasalla ta kife. Kwarin Gawo ga tuwo ga tuwo, miya kuwa sai ruwan gishiri da ganye. Gwandar Nomau ko ɗa ɗaya ba ta riƙe ba.

Kana tsammanin ya yi nadama? Ina. Da ya gane ƙudan nan su ne ke sa shuka ta ɗaura, sai wani sabon tunani ya zo masa: in ya samo nasa shi kaɗai, waɗanda ba za su leƙa lambun kowa ba, to Dikko ne zai koma kallonsa. Ya gaya wa Tasalla zai yi tafiya. Ta dube shi ta ce Allah ya shirya, ta ƙulle masa ragowar daddawarta a tsumma don ba wani guzuri a gidan. Da hantsi ya hau ɗorawa, ya turara tsohuwar amyar da ƙamshin ciyawar jema yadda ake yi in ana kiran zuma, ya zura kansa ciki. Sai ji ya yi an fizge shi.

Ya faɗo a wani daji da furanninsa suka kai faifai faɗi, wasu sun kai tabarma. Ƙamshinsu kuwa ya yi nauyi har ana ganinsa yana yawo a iska. Bai yi nisa ba idonsa ya fara lumshewa, ƙafafunsa suka saki. A gindin furannin ya hangi ƙasusuwan namun daji da barci ya kwashe ba su farka ba. Ya lalubo ƙullin Tasalla, ya gutsuri daddawa ya toshe hancinsa da ita. Warin daddawa ya kori ƙamshi, ya wuce dajin yana tangaɗi yana tofar da yawu.

Daga nan sai kogi ya tare shi, kogin zuma zalla, mai kauri, yana tafiya a hankali. Ya jefa dutse, dutsen ya daɗe a sama kafin ya nutse, ya san in ya sa ƙafa shi ke nan. A bakin kogin akwai kuka, a reshenta kuma wani jemage na rataye kai ƙasa, girmansa ya kai raƙumi.

Jemagen ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ya kai ɗan Adam mai warin daddawa, ni ne mai fiton wannan kogi. Ba na karɓar wuri, ba na karɓar hatsi. Fiffikena yabo ne ke ɗaga shi. Ka hau, ka riƙa faɗin alherin mutumin da ka fi jin zafinsa a duniya. In ka yi shiru mu sauka, in ka yi ƙarya mu nutse."

Nomau ya so ya ce ba ya jin zafin kowa, sai ya tuna sharaɗin ƙarya. Ya hau. Suka tashi, ya yi ta lalube a ransa, da ƙyar ya ce Dikko dogo ne. Jemage ya ce wannan ba alherinsa ba ne, halitta ce, suka yi ƙasa har yatsun Nomau suka taɓa zuma. Nomau ya ce to, Dikko yana sammako. Suka ɗan ɗaga. A tsakiyar kogi bakinsa ya sake ƙullewa, zuma ta kama shi har gwiwa tana ja. Sai ga magana na fita ba shiri: Dikko ne ya goya shi lokacin da uwarsu ta kwanta ciwo, Dikko ne ya sayar da akuyarsa ya cika masa kayan auren Tasalla, Dikko bai taɓa auna masa zuma ba, sai dai ya ɗebo ya ba shi. Suka yi sama har suka sauka a ƙetare. Nomau ya dira yana huci, ransa a ɓace kamar wanda aka yi wa fashi, ya ce wa jemagen kada ya kuskura ya gaya wa kowa.

Ga ganuwar kaki nan tana sheƙi, rana na ratsa ta. A ƙofa dakarun zirnaƙo ne, kowanne ya kai ɗan maraƙi, da harbinsa a zare. Ba su tambaye shi suna ba. Suka shinshina rigarsa, babbansu ya ce ƙaurin ciyawa da kaki bai fita daga jikin wannan ba, shi ne. Suka tasa shi gaba ta cikin tituna masu ɗakuna kusurwa shida-shida, ana ta leƙowa ana kallonsa. Wasu masu leƙen fiffikensu a ƙone yake.

Sarauniyar birnin, Magajiyar Saƙa, tana zaune a kan gadon kaki. Fuskarta ta mace ce, sauran jikinta na ƙudan zuma, muryarta kuma in ta yi magana har cikin haƙoransa yake jin ta. Fadawa sun kewaye ta, malam-buɗe-littafi da alkyabbunsu, galla, tsuntsaye, jemagu a rataye a rufi. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa. Da aka ba shi izinin magana, maimakon ya nemi gafara sai ya shigar da ƙara, wai talakawanta sun shekara da shekaru suna masa sata.

Magajiya ta kira wata ma'aikaciya daga cikin ƙudan zuma, ta ce ta nuna masa ƙafafunta. Duk sun yi dumu-dumu da wani gari rawaya.

"Ya kai ɗan Adam, dubi abin da ɓarayinka ke ɗauka. Fure ba shi da ƙafa, ba ya zuwa neman aure. Mu ne ke ɗaukar wannan gari daga namiji mu kai wa mace, sannan ta ɗaura ɗa. Ruwan da muke sha a ciki ladanmu ne, furen da kansa ya ajiye mana. Da shi muka yi maka aiki tun kana goye, ka biya mu da wuta."

Ta sa aka kawo ƙwarya cike da zuma, ta ce ya duba. A ciki sai ga fadamar Kwarin Gawo, lambuna biyu da gamba a tsakani. Ya ga kabewar Dikko ta yi yaɗo ba ɗa ko ɗaya, ya ga Dikko zaune ya yi tagumi. Murmushi ya suɓuce masa. Da aka janye ƙwaryar Magajiya ta tambaye shi me ya gani a nasa lambun. Ya yi tsuru-tsuru, don bai duba ba.

Duk da haka bai ji kunya ba, mutumin nan. Ya ce, "Ranki ya daɗe, abin da ya wuce ya wuce. Ni roƙona ɗaya ne. A ba ni runduna tawa ni kaɗai, wadda ba za ta tsallake gamba ba."

Fada ta ɗauki guna-guni. Magajiya ta ɗaga hannu.

"An ba ka. Ba za su tsallake iyakar da mahaifinku ya dasa ba. Amma cikinka da nasu ya zama ɗaya: in sun ƙoshi ka ƙoshi, in sun ji yunwa ka ji, ko da rumbu ka cinye. Ranar da ka gaji, ka tsaya a kan iyakar, a gaban ɗan'uwanka, ka ce musu su tsallaka. Daga ranar babu naka babu nasa."

Nomau ya ce wannan ranar kuwa ba za ta zo ba. Aka lakata masa zuma a harshe don ƙulla alkawari, ya rufe ido, ya buɗe ya gan shi a gindin ɗorawa, rungume da tsohuwar amya tana ta kuwwa a ciki. Ya tsallaka da ita lambunsa ya kafa mata gwafa.

Da farko abin ya yi masa yadda yake so. Kabewarsa ta ɗaura, manya-manya, ita kaɗai a duk garin. Mata suka yi ta sintiri a ƙofar gidansa. Yakan zaɓi wadda ta fi girma ya ɗora a ka, ya bi ta gaban zauren Dikko da ita, ko da ba nan ce hanyarsa ba. Ya yi ƙiba, ya yi sheƙi. Tasalla ta ce a kai wa gidan Yaya ko ɗaya ce, yara na cin tuwo gaya, ya ce su je su roƙi namijin gwandarsu.

Sai kabewa ta gama yayinta, furenta ya ƙare. Abin da ya rage a lambun sai gwanda, mata zalla. Furen gwanda mace kuwa ba ruwan zaƙi a cikinsa, namijin ne ke da shi, shi ne kuma ke da garin. Ƙudan suka bi furannin nan suka fito ba komai, furannin suka yi ta zubewa ba ɗa. A ƙetaren gamba kuwa namijin gwandar Dikko ya sako fararen furanni reto-reto, ɗorawa ta yi ja, ƙamshi na busowa. Ƙudan suka riƙa tashi su nufi can, da sun zo saitin gamba sai su tsaya cak a iska, su faɗo.

Yunwa ta kama Nomau. Ya ci malmala bayan malmala, ya sha fura ƙwarya guda, ya tashi kamar bai ci ba. Ya fara dabaru. Ya tumɓuke gambar ya matsar da ita bayan namijin gwandar, ƙudan suka tsaya a inda tsohon ya dasa ta tun farko, dole ya mayar kafin a gani. Ya tsinko furannin ya jefo cikin nasa, suna tsallakowa suka bushe. Ya shuka sabuwar gwanda ko namiji zai fito, amma yaushe za ta girma? Wuyansa ya zama kamar na tulu, wandonsa ya daina zama. Kowace safiya Tasalla na share matattun ƙudan zuma a bakin gamba, duk kawunansu na fuskantar lambun Dikko. Da ya gaya mata sharaɗin, ta yi kuka, ta ce kalma ɗaya ce fa, Malam. Ya ce gara ya mutu da ya ga kabewar Dikko ta sake fin tasa. Kuma har ransa yake nufi, abin da ya fi ban haushi ke nan.

Ranar da ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, da rarrafe ya isa bakin iyaka, inda ragowar ƙudan suka taru a ƙasa suna motsi da ƙyar. Sai ga Dikko ya fito da adda a hannu, shi ma ya rame, ya nufi namijin gwandar. Ya tsaya yana gwada inda zai sara.

Nomau ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, "Sai yau ka gane ba shi da amfani, Yaya?"

Dikko bai juyo ba. "Ni dama ba shi da amfani a wurina. Dubi lambun nan, ka taɓa ganin gwanda mace a ciki? Baba ne ya taɓa ce min sai da namiji gwanda mace ke ɗaurawa, da ka sare sauran sai na bar shi. Inuwarsa ta kashe min kunya biyu na kuɓewa duk shekara. Yanzu ba mai kai saƙonsa, gara in huta."

Nomau ya duba. Shekara da shekaru yana kallon lambun nan, ya san kowace kabewa a cikinsa, amma bai taɓa lura ba. Gaskiya ne, babu gwanda sai wannan ɗaya, tana tsaye daf da gamba, rassanta sun karkato wajen nasa. Duk gwandar da ya taɓa ci, duk wadda ya taɓa kai kasuwa, daga nan ta fito. Kunya ta rufe shi, irin wadda ta fi yunwar zafi.

Dikko ya ɗaga adda.

"Dakata, Yaya." Ya dafa gamba ya miƙe. Ya dubi ƙudan da ke ƙasa. "Ku tsallaka," in ji shi. "Ku je duk inda kuka ga dama."

Suka tashi, waɗanda ke da sauran ƙarfi, suka faɗa kan fararen furannin nan. Tsohuwar amya ta yi wata irin ƙara, sai ga su suna ɓulɓulowa, ƙudan zuma da galla da malam-buɗe-littafi da tsuntsaye, jemagu daga baya, suka watsu cikin fadama, suka wuce har kukokin bayan gari. Nomau na zaune a ƙasa ya ji cikinsa na cika a hankali, bai sa komai a baki ba. Wata ma'aikaciya ta dawo daga ƙetare, ƙafafunta rawaya, ta wuce ta gefen kunnensa ta shige furen gwandarsa. Dikko ya sauke addar, ya tsallako gamba, ya kama shi ya kai shi gida.

Miya ta dawo Kwarin Gawo. Tasalla ta tayar da tukunyar daddawarta. Kabewar Dikko kuwa, in gaya maka gaskiya, ta sake fin ta Nomau girma, kuma Nomau ya gani, don idon nan nasa bai daina tsallaka gamba ba. Yakan yi tsaki, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Da gwandar farko ta nuna, ya tsinko ta ya zo bakin iyaka ya kira yayansa. Ya raba ta biyu da wuƙa, ɓari ɗaya ya fi ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu, ya dubi wannan ya dubi wancan, har Dikko ya fara murmushi. Sannan ya miƙa masa babban. Har yau in Tasalla ta tuna masa, sai ya ce rana ce ta kashe masa ido.